Mako Biyar Ban Ce wa Malam Ya Nuna Mini Ba

Ƴar Fillo ta miƙa hannu ta ɗauke salular gwaji daga gaban Malam, ko neman izini babu.

"Kawo nan, Babarbare. Yau sai na ga abin da kake ta ɓoyewa kamar dabinon Kawar."

Malam ya yi dariya, ya gyara tabarau. "Ke da ko nono ba ki iya auna shi daidai, me kika sani a cikin kod? Ajiye kafin ki lalata mini."

"In ya lalace a hannuna, da ma can lalatacce ne."

Ni ina can ƙarshen tebur, na kafa ido a allon ordinater, wato kwamfuta, kamar mai karatu. Ba abin da nake karantawa. Ni na sa ta. Jiya da marece, a hanyar gida, na tsayar da ita bakin wata katanga na roƙe ta. Na ce gobe ki karɓi salular nan ki gwada a gabansa, da wasa, yadda kuka saba. Ta ce, "Ke ce shef, ki ce masa mana." Na ce ba na iyawa. Ta dube ni ta ce, "To, ai shi ke nan. Bar ni da bawana."

Bari in faɗa muku ko mu su wane ne. Mu uku ne a wani ɗaki kusa da tsohuwar kasuwar Agadas. Ni ce shef de proje, shugabar aikin, kuma ni ce ƙarama a cikinmu. Ƴar Fillo ita ce mai gwaji, aikinta ta nemo inda abu zai karye. Malam shi ne mai rubuta kod mai nauyi, rubutun da ke sa na'ura aiki, mutumin Segedin ne can Kawar, ya daɗe a garin nan har ya fi ni sanin lunguna. Da mu huɗu ne. Na huɗun ya ji labarin zinariya a Jado ya ɗaure jakarsa. Wannan bai girgiza ni ba, don na riga na sa shi ya bar mana komai nasa a kile biyu, ƴan sandunan ajiyar bayanai na ordinater, kafin ya tafi. Na hango tafiyarsa tun da ya fara tambayar kuɗin mota.

Aikin kuwa na wata ƙungiyar masu lambu da makiyaya ne na wajen Iferwan. Damina ta wuce ba ta yi abin kirki ba. Kwarin da ke cika rijiyoyi bai yi gudu ba sai sau ɗaya, shi ma kamar an zubar da ruwan wanke hannu. Rijiyoyi suna ta sauka. Ƙungiya tana da sitern guda ɗaya tak, motar ɗaukar ruwa, kuma tana zuwa ne wurin wanda ya fi iya kuka ko wanda ya fi kusa da kunnen shugabanni. Wanda yake can bayan dutse, sai akuyoyinsa sun fara faɗuwa labari yake isowa. Mu aka ce mu yi aplikasiyo, manhajar salula. A ba masu kula da rijiya salula goma sha biyu, kowa ya auna ruwa ya shigar, in rezo na waya ya zo ya aiko, mu kuma a buro, ofishinmu, mu ga wadda ta fi kusa da ƙafewa, sitern ta fara da ita.

Tun da sojoji suka karɓi mulki, hanyar dutse, wato ta Iferwan, ba ka tashi kawai ka kama ta. Sai takarda, sai ranar da aka ba ka, sai ka bi ayari. Mun samu rana ɗaya, Alhamis. Ranar da Ƴar Fillo ta ɗauki salular nan, saura kwana tara. In motar ta tafi babu salulolin, ban san yaushe za a sake ba mu wata ranar ba, kuma bazara ba ta jiran takarda.

Ina da tablo, jadawali na haɗurra, irin wanda aka koya mana a lakkol. Na lika shi a bango, ina alfahari da shi. Ɗaukewar kuran, wutar lantarki: mun sa pano mai hasken rana a rufi. Yankewar rezo: an rubuta. Tafiyar baƙin da ke tallafa wa ƙungiya: ta faru, mun ci gaba da abin da ke hannu. Zafi ya kashe ordinater: mun koma aiki da sassafe. Kowane layi da maganinsa a gefe. Abu ɗaya ne ban rubuta ba, don ban san sunansa haɗari ba. Kunya.

Kowace Litinin muna raniyo, zaman duba aiki. Ga yadda take tafiya.

"Malam, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗiyata."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ɓangaren aikawa fa, Malam?"

"Saura ƙiris, in sha Allahu."

Sai in sa masa kore a tablo. Mako na ɗaya kore. Na biyu kore. Har na biyar. Gaisuwa muke yi, ni kuma ina rubuta ta a matsayin rapor. Wa ya taɓa amsa "ina aiki" da "ya gagare ni"? Ko gidanka na cin wuta, da godiya za ka ce tukuna.

Kuma ba wai ban ji a jikina ba. Tun mako na uku na ji. Ƙiris ɗin nan ba ya raguwa. Sau biyu na shirya maganar a baki tun daga gida: Malam, don Allah nuna mini. Kalma huɗu ko biyar. In na zo gabansa sai su maƙale. Mutumin nan shi ya ɗora yatsana a kan linzamin ordinater a wani siber, shagon intanet, ina ƴar shekara goma sha uku. Shi ya je ya zauna a zauren babana har sau uku kafin a bar ni in tafi karatu Yamai. A gidanmu ba a ce wa babba buɗe jakarka in gani. In ya ce akwai, akwai.

Amma na lura da abu ɗaya. Duk buron, mutum guda ke yi wa Malam magana ba tare da ta sauke murya ba. Fulani da Barebari, kun san wasan da ke tsakaninsu. Da safe in ta shigo sai ta ce, "Bawana, ka share mini wuri?" Shi kuma ya ce, "Ga baiwar gidanmu ta iso, an gama tatsa?" Ta taɓa cinye masa ƙosai gabaɗaya a gabansa, bai yi komai ba sai addu'ar Allah Ya shirya Fulani. Abin da in ni na faɗa zai zama rashin kunya, in ita ta faɗa al'ada ce, dole ma ya yi dariya.

To ga ta nan da salula a hannu. Ta shigar da rijiya ta ɗaya, ruwa kaza. Ta biyu, kaza. Ta danna aikawa. Abin ya fara juyawa. Sai ta miƙa ƙafa ƙarƙashin tebur ta fizge wayar akwatin wifi daga bango.

"Ke! Me kika yi?"

"Iferwan na kai ka. Ko ka ɗauka can ma wifi ke bin mutane har bakin rijiya?"

Ta ƙirga goma a bayyane, da Fulatanci don ta ƙara ba shi haushi. Ta mayar. Muka jira fitilu suka dawo. Na dubi allona.

Rijiya ta ɗaya ta fito sau huɗu. Ta biyu babu ita sam.

Ana jin mai ruwa yana wucewa da kurarsa a waje, jarkoki suna bugun juna. Ƴar Fillo ta leƙo allon, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Babarbare, rijiya ɗaya ka aurar har ta haifi uku. Ita kuma ɗayar ka kai ta Jado?"

Na so in nutse. Amma wannan maganar ce ta buɗe masa ƙofa. Malam ya cire tabarau ya ajiye. Bai dube ni ba. Ya juya kujerarsa gabaɗaya ya fuskance ta, ya ba ni kafaɗa, da ita ya yi maganar.

"Mako biyar ke nan yana haka," ya ce. "Sau uku na rushe na sake. In rezo ya tsaya cak, yana tafiya. In ya yanke a tsakiya, ko ya ninka ko ya zubar. Na san inda ciwon yake. Maganin ne ban samu ba."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Wa zan faɗa wa? Yarinyar da na koya wa kunna na'ura?"

"Da ka faɗa wa uwargijiyarka mana. Ga ni."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka sauke wa kaya amma wuyansa bai daina ciwo ba. Ni dai ina sauraro kamar maganar wasu ce a ɗakin maƙwabta. Haka ya fi mana sauƙi, mu duka.

Na tashi na je bango, na ɗauki bik ja, na zagaye ɓangaren aikawa. Sannan na juyo.

"Malam, kwana tara zai isa a gyara?"

"Ban sani ba."

Wallahi ban taɓa jin daɗin "ban sani ba" kamar ranar ba. Ita ce magana ta farko cikin mako biyar da zan iya yin aiki da ita.

Na ce to mu yanke. Babu taswira. Babu hoton rijiya. Babu jadawalin da ke hawa da sauka. Abin da sitern ke buƙata biyu ne: wace rijiya, ruwa nawa ya rage. Wannan mesaj na SMS ma ya ɗauke shi, kuma SMS yana fita ko rezo sanda ɗaya ne. In bai fita ba, salula da kanta za ta nuna bai fita ba, mutum ya hau tudu ya sake.

Malam ya ɓata rai. "Ɗiyata, wannan ai ba aplikasiyo ba ne. Wata huɗu muna gini, a ƙare da mesaj?"

"Malam, wa ya taɓa haɗa tsohuwar salula da ordinater tana karanta mesaj tana jerawa, lokacin siber?"

"Wannan tsohon abu ne."

"Tsoho ya yi tsohon abu, ai daidai ke nan," in ji Ƴar Fillo.

Ya nuna ta da yatsa. "Ke, ranar da zan sayar da ke, ko akuya ba za a ba ni ba." Ya jawo ordinater ɗinsa. Na san ya yarda.

Sai a hanyar gida abin ya faɗo mini. Kore biyar ɗin nan ba a bango kawai suka tsaya ba. Kowane mako nakan tura rapor ga Alhaji, shugaban ƙungiya, tsaran babana, mai sayar da albasa. Sau biyar na rubuta masa komai na tafiya daidai. Abin da Malam ya yi mini, shi na yi wa Alhaji, har da tambarin buro a ƙasa. Kuma ni ba ni da abokin wasa da shi. Ɗan gari ne kamar ni. Ba bakin da zan ara.

Washegari da hantsi na hau kabu-kabu na same shi a rumfarsa, tsakanin buhunan albasa, ana dafa shayi. Na durƙusa na gaishe shi. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina zafi. Sai ya zo kan tambayar da nake tsoro.

"Ina aiki, ɗiyata?"

"Da godiya, Baba."

Amsar ta fita da kanta, ba yadda zan yi.

"Baba, waccan gaisuwa ce. Yanzu ga rapor. Abin da na rubuto maka mako biyar ba daidai ba ne. Babban ɓangaren bai yi ba."

Ya tsayar da finjali a iska. "Wa ya ɓata?"

"Ni. Ban duba ba."

Ban ambaci Malam ba. Kuma ba ƙarya na yi ba, dubawa aikina ne.

Na bayyana masa abin da za a samu da abin da ba za a samu ba. Da na zo kan taswira ya katse ni.

"Taswirar fa? Na riga na gaya wa mutanen dutse kowa zai ga rijiyarsa a salula, da ɗigo shuɗi. A gaban jama'a na faɗa."

"Babu taswira, Baba."

"Ko ƙarama?"

"Ko ƙarama."

Ya shanye shayin, ya miƙa finjali aka sake zuba masa, ni ba a miƙo mini ba.

"Ruwan zai je inda ya kamata?"

"In sun aiko lamba, zai je."

"Alhamis?"

"Alhamis."

"Tashi ki je ki yi."

Kullum in na zo yakan sa a ɗaura mini albasa a leda in kai wa inna. Ranar hannu rabbana na koma. Ban damu ba. To, na ɗan damu.

Kwana takwas ɗin da suka rage, na kafa doka ɗaya. Ba a ƙara cewa "na gama" da baki. Bayan la'asar, duk wanda ya ce ya gama abu, ya miƙa wa Ƴar Fillo salula. Kuma ba a buro ba. Mukan fita inda rezo ke wahala: bayan kasuwar dabbobi, cikin busasshen kwari a gefen gari, wani lungu a tsohon gari da katangu suka yi kauri. A kasuwar dabbobi na ga abin da muke yi wa aiki da idona. Tumaki ƙashi da fata, masu su suna tsaye ba mai tayawa.

Dokar ta fara cin ni kafin kowa. Ni na zana fuskar aplikasiyon, ina ji da ita. Ƴar Fillo ta miƙa wa wani dattijo mai raƙuma a tsakar rana ta ce ya gwada. Ya karkata ta, ya kare da rawani, ya ce ba ya ganin komai sai fuskarsa. Rubutuna ƙanana ne, launin toka a kan fari. Sannan ya tambaya mene ne metir. Shi da gaba yake auna igiyar guga, kamar kowa a can. Wata huɗu ina tambayar mutane metir.

"Shef," in ji Ƴar Fillo, "ke kuma ba ni da wasa da ke, don haka da gaske nake faɗa miki: wannan bai yi ba."

Malam ya yi dariya har da tari. Ranar ce ya fara duba ni ido da ido tun abin da ya faru.

Muka mayar da shi manyan lambobi baƙaƙe, maɓalli uku. Lambar rijiya, gaba nawa, aika. Malam ya ɗaure tsohuwar salula da roba a jikin ordinater, tana karɓar mesaj tana jerawa, mafi ƙarancin ruwa a sama. In mesaj ɗaya ya zo sau biyu, ta ɗauki ɗaya. Ranar Litinin ya zo da kansa ya ce, a gabana, ba a gaban Ƴar Fillo ba, "In an ɗauke kuran fiye da yini, mesaj na taruwa amma jerin yana rikicewa. Ina buƙatar kwana biyu." Na sa masa ruwan ɗorawa a tablo. Bai mutu ba. Ni ma ban mutu ba. Laraba da azahar ya miƙa salula, aka kashe komai aka kunna, jeri ya tsaya daidai.

Alhamis da sassafe muka kai karto wurin da ayari ke taruwa. Salula goma sha biyu, kowace a naɗe da tsumma saboda zafi, da ƙananan pano na sharji. Malam ne ya ce shi zai bi motar ya koya wa masu rijiya. Na ce hanya da wuya. Ya ce shi ɗan Kawar ne, kada in koya masa hanya.

A shinge wani soja ya buɗe karton, ya ga saluloli jere, fuskarsa ta canza. Na me ne? Na wa ne? Wa za a kira da su? Na miƙa takarda. Ya karanta, ya kira na gaba da shi. Shi ma ya karanta, ya ce a kunna ɗaya. Na kunna. Ya ga maɓalli uku.

"Shi ke nan abin da take yi?"

"Shi ke nan, mon adjudant."

Ya danna, ya juya ta, ya mayar cikin tsumma. "Ku wuce." Na tsaya ina tunanin da a ce taswirar dutse ce ta buɗe masa, da ɗigo-ɗigo a kanta, da wataƙila har azahar muna wurin muna bayani.

Asabar da hantsi tsohuwar salular da ke ɗaure da roba ta yi ƙara. Rijiya ta bakwai, gaba uku. Ni da Ƴar Fillo muka yi ihu kamar an ce an yi ruwa. Bayan awa ɗaya, rijiya ta huɗu, sifiri. Ta huɗu tana can bayan dutse, ba ta cikin waɗanda aka shirya kai wa ruwa a makon. Na kira Alhaji na karanta masa lambar. Bai ce sannu ba. Ya ce, "Na ji," ya kashe. Sitern ta kwana a can ranar Lahadi.

Ba zan ce muku komai ya yi kyau ba. Salula biyu ba su taɓa aiko ko mesaj ɗaya ba, har yau ban san dalili ba. Wani mai rijiya ya gane cewa ƙaramar lamba ke jawo mota, ya riƙa aiko sifiri kullum, sai da aka tura mutum ya leƙa. Alhaji har yanzu in mun haɗu sai ya tambayi taswirarsa. Amma goma sun yi magana har aka shiga damina, kuma ruwa ya bi lamba fiye da yadda ya bi kuka.

Yanzu an ba ni wani aikin, na wata ƙungiyar mata masu sana'ar fata. Ƴar Fillo ta samu aiki a Tawa ta tafi. Mai rubuta mana kod a wannan karon ƙanin innata ne, ciki ɗaya. Na bincika dangi kaf, duk buron babu mai wasa da shi. Gobe Litinin, raniyo ta biyu, kuma na yi niyya da bakina zan faɗa.

Ku da aka ɗora ku a kan wanda ya girme ku, ko wanda ya goya ku ma, da waɗanne kalmomi kuke ce masa ya buɗe ya nuna muku?